Bambanci, Wariya da Daidaito: Tsokaci a Kan Ɗan Gari da Baƙo

Gabatarwa

Masu iya magana kan ce ba a taru an zama ɗaya ba. Wannan karin magana gaskiya ce da babu mai musun ta, amma sau da yawa akan fake da ita a danne haƙƙin wani. Abin da ya jawo haka shi ne cakuɗa wasu kalmomi uku da muke yi a maganarmu ta yau da kullum, watau bambanci da wariya da daidaito. Manufar wannan maƙala ita ce warware su ɗaya bayan ɗaya, sa'an nan a auna su da wani al'amari da ya shafi kusan duk mai karanta wannan mujalla, watau takardar shaidar asalin jiha.

Ma'anar Kalmomin

Bambanci halitta ne. Akwai mace da namiji, mai gani da makaho, Bayarabe da Bahaushe da Batibi, Musulmi da Kirista. Aya ta 13 ta Suratul Hujurat ta nuna cewa an yi mutane al'ummu da ƙabilu ne domin su san juna, kuma fifiko yana ga taƙawa. Ke nan bambanci shi kansa ba laifi ba ne, hasali ma ma'aikatar da ta tara mutane iri-iri ta fi gane bukatun jama'ar da take yi wa aiki.

Wariya kuwa aikin ɗan Adam ce. Tana aukuwa ne idan aka ɗauki wani bambanci da bai shafi al'amarin da ake ciki ba, aka mayar da shi ma'auni. Alal misali, idan aka ƙi ɗaukar makaho aikin tuƙin mota, ba a yi masa wariya ba, domin gani sharaɗi ne na tuƙi. Idan kuwa aka hana shi koyar da adabi alhali ya ci jarrabawa, to an ware shi, domin ido ba shi ke fassara waƙa ba. Don haka tambayar da ta kamata a yi a kowane lokaci ita ce: shin wannan bambancin yana da wata alaƙa da aikin da za a yi?

Wariya iri biyu ce. Akwai ta fili, kamar a ce ba a ɗaukar mace ko ɗan ƙabila kaza. Akwai kuma ta ɓoye, wadda ke shigowa cikin rigar ƙa'idar da ta hau kan kowa. Ofishin da ya kira masu neman aiki ganawa a hawa na uku, babu hanyar hawa sai matakala, bai rubuta cewa ba ya son gurgu ba, amma ya riga ya sallame shi tun daga ƙofa. Irin wannan ce dokar hana wariya ga masu naƙasa, wadda aka sa wa hannu a watan Janairu na 2019, ta nufi magancewa, da ta wajabta gyara gine-ginen jama'a, ta kuma keɓe wa masu naƙasa kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati.

Daga nan za mu fahimci daidaito. Ba a nufin a yi wa kowa riga da awo ɗaya. Uban da ya yi haka ga 'ya'yansa biyar, wasu riga za ta yi musu yawa, wasu ta matse su. Daidaito shi ne a ɗauki kowa da daraja ɗaya, a kuma kawar da shingen da ya hana wani isa inda ƙoƙarinsa zai iya kai shi.

Magani da Cutar da ya Haifar

Sashe na 42 na Tsarin Mulkin 1999 ya hana a tauye ɗan Nijeriya saboda ƙabilarsa, ko wurin da ya fito, ko jinsinsa, ko addininsa, ko ra'ayinsa na siyasa, ko yanayin haihuwarsa. Sashe na 14 kuma ya bukaci a raba muƙaman tarayya ta yadda wasu jihohi ko ƙabilu 'yan kaɗan ba za su mamaye su ba. Wannan ƙa'ida ta rabon muƙamai ta fara shiga tsarin mulki a 1979, kuma a 1996 aka kafa hukumar da ke sa ido a kanta.

Dalilin kafa ta ba ɓoyayye ba ne. An buɗe makarantar sakandare ta farko a Ikko a 1859, Kwalejin Katsina kuwa sai a farkon shekarun 1920. Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi. Da an ce jarrabawa kaɗai za ta raba gardama, da ratar shekaru sittin ta zama gādo, da kuma wani sashe na ƙasar ya ɗauki gwamnatin tarayya a matsayin gwamnatin wasu. A nan kulawa da bambanci ta yi wa daidaito hidima.

Sai dai kuma rabon ya dogara ne a kan sanin jihar kowa, kuma aka ɗora wannan sani a kan asalin iyaye da kakanni, aka bar wurin haihuwa da wurin zama. Tsarin mulki ya ambaci ɗan asalin jiha wajen naɗin ministoci, amma bai fayyace ko wane ne shi ba. A aikace, ƙananan hukumomi 774 ne ke ba da takardar, kowace da irin son ranta.

Mu ɗauki yaron da aka haifa a Sabo ta Ibadan, unguwar da Hausawa ke zaune tun wajen 1916. A nan aka haifi ubansa, a nan aka binne kakansa, Yarabanci kuwa a bakinsa kamar ruwa. Ranar da ya nemi gurbin karatu ko aikin gwamnati, sai a ce ya kawo takarda daga garinsu. Ya nufi Kano ko Katsina, can kuma a tambaye shi gidan wa ya fito, wane mai unguwa ne ya san shi. Ya zama jemage, shi ba tsuntsu ba, shi ba dabba ba.

Matsalar ba ta tsaya a kan talaka ba. A 2011 gwamnatin Jihar Abiya ta sallami ma'aikatan da ba 'yan asalin jihar ba, akasarinsu kuwa 'yan ƙabilar Ibo ne daga jihohin maƙwabta. A 2012 an jinkirta rantsar da Mai Shari'a Ifeoma Jombo-Ofo a Kotun Ɗaukaka Ƙara, saboda asalinta Anambra ce, gurbin kuwa na Abiya ne, jihar mijinta inda ta daɗe tana aiki. Sai da aka yi ta ce-ce-ku-ce kafin a rantsar da ita. A Jos kuwa, gardamar wane ne ɗan gari tana daga cikin tushen rikice-rikicen 2001 da 2008, waɗanda suka ci rayuka masu yawa. Idan muka koma ga tambayarmu ta farko, wace alaƙa ce tsakanin ƙauyen kakan mutum da iya yanke hukunci ko koyar da lissafi?

Laifi Tudu Ne

Hausawa kan ce laifi tudu ne, ka take naka ka hango na wani. Mu da muke zaune a wannan sashe na ƙasa mun san zafin a kira mutum baƙo a garin da aka yanke masa cibiya. To, yaya muke kallon wanda aka haifa a Sabon Garin Kano ko na Zariya, ya tashi da Hausa a bakinsa, amma sunansa ya nuna Kudu? Idan kukanmu a nan gaskiya ne, nasa ma a can gaskiya ne. An ce baƙo raɓa ne, amma raɓar da ta shekara ɗari a wuri ai ta zama rijiya.

Har ila yau, a cikin gida ma muna da namu ma'aunin. Akwai gidajen da har yanzu ake jan ƙafa wajen aurar da 'ya ga ɗan mahauta ko ɗan maroƙa, ko wanda aka ce kakanninsa bayi ne, komai iliminsa da kyawun halinsa. Muna cin naman, muna jin daɗin kiɗan, amma muna ƙyamar surukuta da masu sana'ar. Wannan shi ne tauye mutum saboda yanayin haihuwarsa, abin da addini da doka suka haɗu a kan hana shi.

Wani zai ce ai naka sai naka, kuma idan aka buɗe ƙofa ga kowa, ƙananan ƙabilu za su rasa ɗan abin da ya rage musu a ƙasar kakanninsu. Wannan tsoro ba na banza ba ne, bai kuma kamata a yi masa dariya ba. Amma ana iya rarrabewa. Sarautar gargajiya da al'adun gari a bar wa masu su. Makaranta da asibiti da aikin gwamnati kuwa da harajin duk mazauna ake gudanar da su, don haka zama na wasu shekaru sanannu da biyan haraji ya isa ya ba mutum haƙƙi a cikinsu.

Kammalawa

Ɗaliban da ke karanta wannan mujalla su ne gobe za su zauna a bayan tebur, takardun masu neman aiki a gabansu. A ranar, babu sashen tsarin mulki da zai leƙa zuciyarsu. Abin da muke roƙo shi ne, kafin su ture wata takarda gefe, su tambayi kansu ko abin da suka gani a cikinta ya shafi aikin, ko kuwa suna ne kawai bai yi musu daɗin ji ba. Allah ya sa mu yi wa baƙon wani abin da muke so a yi wa namu, amin.