BIKIN 'YA KO BIKIN UWA?

Waɗanda suka saba karanta littattafaina sun san ni da aurar da mutane a takarda. In na ga dama sai in ba amarya akwati goma sha biyu, in sa a yi dina a otal, ango ya zo da jerin motoci, ko sisina ba ya ciwo, biro ne kawai yake ƙarewa. To yau ba ƙagaggen labari na zo muku da shi ba. Abu ne da ya faru a cikin gidanmu a kakar 2023, wanda ya bar ni da wata tambaya da har yanzu nake juya ta a raina: wai shin biki na wane ne? Na yarinyar da za a kai ɗaki, ko na uwar da ta haife ta?

Mu asalinmu mutanen wani ƙauye ne a ƙasar Roni, cikin duwatsun nan, aiki ne ya dawo da mahaifinmu Kazaure tun ina 'yar firamare, a nan kuma Allah Ya yi masa rasuwa. Mu shida ne wurin Inna, ni ce ta fari, Auta ce ta ƙarshe, na ba ta shekara goma sha huɗu. Da ta gama difloma a Kwalejin Fasaha ta Hussaini Adamu sai Allah Ya haɗa ta da wani malamin makaranta ɗan Babura, manya suka shiga maganar, aka sa rana bayan an kai amfanin gona gida.

Kowa ya san irin shekarar da 2023 ta zama. Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayu, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500, komai na kasuwa ya bi bayanta. Kafinta ya ƙara, mai katifa ya ƙara, mai fulawa da sukari ba a magana. A watan Oktoba na shekarar gwamnatin Kano ta ɗaura aure 1,800, ta biya sadaki ta yi kayan ɗaki, domin akwai 'yan mata da zawarawa da yawa waɗanda ba manemi suka rasa ba, abin kai su ɗaki suka rasa. A cikin wannan hali muke ta lissafi ni da ƙannena maza, sai wata rana da daddare Auta ta shigo ɗakin Inna da wayarta a hannu tana murmushi.

Ta ce, "Yaya, ku daina wahalar da kanku. Ni ba na son ɗakin taro na haya, ba na son anko, ba na son kiɗan lasifika. A ƙauye nake so a yi komai, tunda dama Baffa ne waliyyi. A gyara ɗakin Kaka a yi masa daɓe, a ciki zan yi zaman lalle. A yi kiɗan ƙwarya. A zuba tuwo a akushi a rufe da faifai, alkaki da nakiya mu yi da hannunmu. Ranar kai amarya da zanen saƙin Kaka zan lulluɓa. Lefe ma na ce masa a adudu nake so." Sai ta nuna min hotunan Turawa suna biki a gona, sun jera tsofaffin kwanoni da fitilun kakanninsu. Ta ce, "Su da suke da komai sun koma wa nasu, mu me ya sa muke gudun namu?"

Wallahi nan take na ji ta burge ni. Na ce ga yarinya mai hankali, ga rufin asiri ya zo har gida. Na waiwaya in ga farin cikin Inna, sai na ga ta sunkuyar da kai tana jan carbi. Can ta ɗago ta ce, "Auta, ashe ke za ki tona min asiri?"

Auta ta ce, "Haba Inna, bikina ne fa, sau ɗaya zan yi shi."

Inna ba ta ƙara cewa komai ba, ta tashi ta yi shimfiɗa. Kwana uku ba ta sake tayar da maganar ba, abinci ma sai ta taɓa ta ture.

Ni 'yar fari ce, kun san alkunya, Inna ba ta kiran sunana, ba ta kuma saba zama hira da ni ba. Amma a rana ta huɗu ta aiko a kira ni. Ta ce, "Ke, zauna in gaya miki abin da ban taɓa gaya wa kowa ba." An yi aurenta a 1984, shekarar da aka yi canjin kuɗi, ga fari ya ci gonaki, lokacin Roni tana cikin Jihar Kano, don sai a 1991 aka yanke Jigawa. 'Yan matan da ake kai wa ɗaki a zamanin, mai gata ita ce mai gadon ƙarfe da jeren kwalla da langa da tasoshi har sama. Mahaifinta ba shi da ko buhu ɗaya na sayarwa. Aka kai ta da tabarma biyu, da tukunyar ƙasa, da ƙore guda bakwai, da zanen saƙin uwarta. Ranar buɗar kai wata daga dangin miji ta leƙa ɗakin, ta ce wa ta kusa da ita, yadda kowa zai ji, wai amarya aka kawo ko mai tallar nono?

Inna ta ce, "Shekara talatin da tara ke nan, har yau in na rufe ido ina jin dariyar nan. Na yi alkawari tsakanina da Allah ba 'yar da zan haifa a kai ta da ƙwarya. Yanzu ubanku ba ya raye. In aka ga akushi da adudu, wa zai ce ra'ayi ne? Cewa za a yi marainiya ce, uwarta ta kasa."

Jama'a, a nan jikina ya yi sanyi. Na gane cewa ƙwarya ɗaya ce, amma abin da Auta take gani a cikinta daban, abin da Inna take gani daban. Auta ta tashi a ɗakin siminti, da katifa da kwanon silba, don haka akushi a wurinta ado ne. Inna kuwa ta ci tuwo a akushi ne domin babu wani. Tsohon abu ba ya zama ado sai ga wanda yake da halin sayen sabo ya ƙi. Wanda dole ta sa shi, a wurinsa tabo ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

To amma wannan ya nuna Auta ba ta da gaskiya? Ni dai ban ce ba. Malamai sun karantar da mu cewa a mazhabarmu ta Malikiyya mafi ƙarancin sadaki rubu'in dinari ne, walima kuwa ko da akuya ɗaya ta wadatar. Lefe da gara da anko da dina duk mu muka ɗora wa kanmu. Kalmar lefe ɗin ma asalinta sunan ɗan kwandon kaba ne da ake zuba kaya a ciki, mu ne muka mai da shi akwatuna saiti-saiti. Na san uwar da ta sayar da gonar gado saboda kujeru, na san wadda har aka yi sunan jikanta na fari ba ta gama biyan bashin gara ba. Idan kowace uwa za ta ce tsoron bakin mutane ne zai yanke mata abin da za ta yi, to yaushe za a sauke wannan kaya? Dole sai an samu wadda za ta fara. Sai dai abin tambaya shi ne, wadda ta fara ɗin, da fuskar wa za ta biya? Auta za ta tare a Babura ta bar surutu a baya. Inna ce za ta ci gaba da shiga gidan suna da gidan makoki a Kazaure da Roni ana nuna ta da baki. Yin jarumta da mutuncin wani ba wuya.

Akwai kuma abu na biyu da ni kaina ban hango ba sai da muka je ƙauye. Mu muna cewa "aikin hannu" kamar abin da yake faɗowa daga sama. Hannun wa? Faifai hamsin da Auta take so ta raba wa baƙi, Gwaggonmu da take aure a Gwiwa ce ta iya saƙa su, ga ta ta tsufa, idonta ba ya gani sosai, faifai ɗaya mai ado sai ta kwana biyu ko uku a kansa. Daɓe kuwa sai an samo ɓawon ɗorawa an jiƙa an yi makuba, an zuba tsakuwa, mata sun durƙusa da maɗaɓi tun safe har yamma suna bugu. Yawancin matan ƙauyen yanzu siminti suke sa wa ɗakunansu, waɗanda suka san daɓe tsofaffi ne masu ciwon gwiwa. Nakiya sai an daka shinkafa a turmi har hannu ya yi kanta. Abin da muka ɗauka sauƙi ne, ashe kuɗin ne kawai muka sauke daga aljihunmu muka ɗora a bayan tsofaffi.

Da Auta ta je ta gaishe su ta faɗi buƙatarta, wata tsohuwa maƙwabciyar Kaka ta dube ta sama da ƙasa ta ce, "'Yar nan, ke 'yar wace ce?" Sai da aka ce 'yar wance ce ta Kazaure, sannan ta washe baki ta ce, "Af, ai uwarki ta yi min biki sau huɗu. In don ita ce, ko da rarrafe zan zo."

Kun ji fa. A ƙauye biki bashi ne. Abin da kika kai wa wata ranar nata, shi za ta dawo miki da shi ranar naki, har da ƙari. Shekara da shekaru Inna tana hawa motar Roni da ƙullin gudummawarta, ba ta taɓa bari an yi suna ko aure ko rasuwa babu ƙafarta ba. Auta kuwa rabonta da ƙauyen tun rasuwar Kaka. Zumunci a ƙafa yake. Duk hannun da zai taɓa maɗaɓi ko taɓarya a bikin nan, Inna zai biya, ba Auta ba. To ta yaya za ki girbe gonar mutum, sannan ki ce masa ba shi da ta cewa? A hanyarmu ta dawowa Auta ba ta ce uffan ba har muka shigo Kazaure. Da daddare na ji ta a ɗakin Inna tana kuka tana ba ta haƙuri.

Ga yadda aka ƙare. Mu 'ya'ya muka haɗa kuɗi aka yi gado da katifa da durowa wurin kafinta a Kazaure, daidai ƙarfinmu, ba bashin kowa, domin kada a ce an kasa. Kujeru aka bari sai Allah Ya hore. Dangin ango suka kawo akwati biyu, adudu ɗaya a sama. Ba a yi dina ba, ba a yi anko ba. Faifai hamsin ya koma goma sha biyu, kuma Auta ta biya Gwaggo kuɗinsu kamar yadda za ta saya a kasuwa, duk da sai da aka kai ruwa rana kafin ta karɓa. Ranar daɓe ita da ƙawayenta 'yan makaranta suka durƙusa tare da tsofaffi, suna bugu ana yi musu dariya ana gyara musu, da yamma ko cokali ba ta iya riƙewa. Aka yi kiɗan ƙwarya har dare, tsofaffin da suka ce gwiwa ta hana su salla a tsaye sai ga su a tsakiyar fili.

Kada in yi muku ƙarya irin ta littafi in ce kowa ya yaba. Ranar jere a Babura na ji da kunnena wata tana cewa, "Duk bokon nan ashe ba kujera." Na san Inna ma labari ya kai mata. Amma akwai abin da ya faru kafin motar kaya ta tashi daga ƙauye. Inna ta kira ni gefe ta miƙo min wani ƙulli a tsohon zane, ta ce, "Ke, ki sa mata wannan a saman jere." Na buɗe, sai ga ƙwarya, ta yi jawur don tsufa, gefenta da ɗinkin gyartai. Ɗaya ce daga cikin bakwai ɗin nan. Ashe duk shekarun nan tana ƙasan akwatinta, ba ta iya fito da ita ba, ba ta kuma iya yar da ita ba. Na ce, "Inna, ba kya tsoron abin da za a ce?" Ta ce, "Wancan karon ba ni da gado. Yanzu ga gado, ga ƙwarya. Mai magana ya yi."

Don haka 'yar'uwa, in kina sha'awar biki irin na da, ban hana ki ba, abu ne mai kyau, kuma ya fi bashi. Amma kafin ki ce "bikina ne", ki zauna da mahaifiyarki ki tambaye ta yadda aka kai ta ɗaki, domin wataƙila abin da kike kira ado shi ne abin da ta kwana tana kuka a kansa. Ki ƙirga hannayen da za su yi miki aikin, ki biya na biya, ki durƙusa ki kama na kamawa. Ku kuma iyayenmu mata, ku yi haƙuri, bakin mutane ba ya cika, ko tirela kuka kai sai an samu mai cewa ba labule. Mu kuma masu leƙa ɗakin amarya, mu ji tsoron Allah. Kalma ɗaya da wata ta faɗa tana dariya a 1984, sai da ta bi wata baiwar Allah shekara talatin da tara.

Allah Ya rufa mana asiri duniya da lahira, Ya ba 'ya'yanmu zaman lafiya a ɗakunansu, Ya saka wa iyayenmu da Aljanna. Amin.