Ceton Iri da Haƙƙin Gulbi

Masu kiwon tarwaɗa, daga Kano har Maraɗi, sun san cewa kifin nan ba ya hayayyafa da kansa cikin kwarmin siminti. Sai an yi wa macen allura ƙwanta ya nuna, a matse shi cikin kwano. Namijin kuwa galibi farke shi ake yi a ciro maniyyinsa, a gauraya.

Irin wannan dabara ce masana suka zurfafa domin kifin da Faransawa ke kira esturgeon, wanda asalinsa ya girmi ɗan Adam da miliyoyin shekaru. Kwaɗayin ƙwansa mai tsada da madatsun ruwa sun kai shi bakin halaka. A ƙasar Sin, madatsar Gezhouba ta tare kogin Yangtze a 1981, kuma a 2022 ƙungiyar UICN ta bayyana cewa wani jinsinsa na wannan kogi ya daina wanzuwa sai ta hannun masu kiwo. Saboda haka ake tatsar mazajen ba tare da kashe su ba, a duba kuzarin maniyyin, wanda motsinsa ba ya wuce ƴan mintoci idan ya taɓa ruwa, sannan a daskarar da shi a sanyin digiri 196 ƙasa da sifili.

Shin wannan shisshigi ne cikin halitta? Shisshigin ya riga ya auku tun ranar da aka datse kogi. Wanda ya yi ɓarna, gyara ya wajaba a kansa, kuma ilimin da ke hana zuriya yankewa biyan bashi ne. Sai dai bashin yana da nauyi biyu. Na farko, mutum ne yanzu ke zaɓen wanda zai zama uba. Idan mazaje ƙalilan suka haifi dubbai, jini ya ƙuntata, cuta ɗaya tana iya share su. Na biyu ya fi haɗari: kwalbar da ke cikin sanyi tana kwantar wa mai ɓarna hankali, ya ce ai an adana.

Manomin Jiratawa ya san amsa. Yana ɓoye iri a rumbu ko da yunwa ta matsa, amma bai taɓa ɗaukar rumbu a matsayin gona ba. Irin da ba shi da ƙasar komawa, ajalinsa kawai aka jinkirta.

Darasin bai tsaya a Sin ba. Madatsar Jibiya ta sauya tafiyar Gulbin Maraɗi, yashi kuma yana cike tafkin Madarunfa, inda masunta ke neman abinci. Ana iya zuba ƴaƴan kifi kowace shekara, amma mai zubawa ya fara tambayar kansa ko ya bar musu ruwan da za su haihu a ciki ba da hannunsa ba.