Wa Zai Yi Jinyar Mai Jinya?

'Yan'uwa matasa, ga tambaya mu auna: idan nas ko mai sharar asibiti ya kwanta ciwo, haƙƙinsa daidai yake da na kowa, ko ya fi?

A shekarar 2003 Gana ta kafa inshorar lafiya ta ƙasa, wato NHIS, don kawar da tsarin biya kafin a duba ka. Ana tara kuɗinta daga harajin kashi 2.5 cikin ɗari a kan kayan saye, da wani kashi 2.5 daga gudummawar SSNIT. Ma'aikacin asibiti yana biyan duka biyun, amma katinsa iri ɗaya ne da na mai sayar da koko a Nima ko Aboabo.

Wasu za su ce adalci ke nan, ciwo bai san muƙami ba. Gaskiya ne, ba mu yarda a tsallake talaka a layi don wani yana sanye da farar riga ba. To amma haɗarin bai zo ɗaya ba. Wanda allura ta soka ya ɗauki ciwon hanta, ko ya shaƙi tarin fuka a ɗakin majinyata, a wurin hidimarmu ya same shi. A ce ya sayi magani da albashinsa, zalunci ne.

Ra'ayinmu shi ne: katin inshora ya zama ɗaya ga kowa, amma cutar da aka ɗauka a bakin aiki, wanda ya ɗauke shi aiki ya ɗauki nauyinta gaba ɗaya, tun daga rigakafi har warkewa. Allah Ya ba marasa lafiya sauƙi, amin.