Haƙƙin Mai Sana'a: Shin Yarda Kaɗai Ta Wadatar?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, 'yan'uwa Musulmi, a wannan mako za mu duba wata mas'ala da ta shafi rigar da ke jikin kowannenmu. Idan attajiri ya sayi aikin marini ko masaƙi da kuɗi kaɗan, mai aikin ya ce ya sallama, sa'an nan attajirin ya kai kayan waje ya sayar ninkin ba ninkin, shin ya kuɓuta a wurin Allah domin an yarda masa?

Abin da ya tayar da maganar shi ne, a 'yan shekarun nan masu sayen sutura a Turai da Amurka sun fara gajiya da tufafin nan na sa-ka-yar, waɗanda masana'antu ke zubawa da arha, suna ɓata ruwa da ƙasa. Abin da ya ƙara farkar da su shi ne bala'in ranar 24 ga Afrilu, 2013, lokacin da benen Rana Plaza ya rufta kusa da birnin Dhaka a ƙasar Bangladesh, ya hallaka mutum fiye da 1,100, galibinsu maɗinka. An ga ginin ya tsage tun kwana guda kafin nan, amma aka tilasta musu komawa bakin aiki. Daga nan sai yayin tufafi masu ƙarko, na saƙar hannu da rinin gargajiya, ya ƙara ƙarfi, idanun fatake suka koma kan irin sana'o'in da muka gada.

Ai kuwa mun gada. Marinar Ƙofar Mata a Kano, an ce tun 1498 ake rini a cikinta. Baturen nan matafiyi, Heinrich Barth, da ya shigo Kano a 1851, ya shaida cewa tufafin Kano suna kaiwa har Tumbuktu da Tarabulus. Garin Kura ya shahara da turkuɗi, wanda Buzaye ke naɗawa. Fatar jar akuyar Sakkwato, wadda majema ke jemewa da bagaruwa, ta ratsa Sahara ta shiga Turai, can kuwa aka san ta da sunan fatar Maroko. A lura da wannan, jama'a: tun a wancan zamani an sayar da aikin, an bar sunan mai shi a baya. Da Jamusawa suka fara sayar da shuni na masana'anta a 1897, sa'an nan yadi mai arha ya cika kasuwanni, sai karofi da yawa suka mutu.

Wanda bai taɓa tsayawa a bakin karofi ba, ba zai san abin da ke cikin launin nan ba. Sai an haɗa baba da toka da ruwa, a bar su kwanaki suna ruɓa, ana motsawa, kafin rini ya nuna. Sai a tsoma zane, a ɗaga ya sha iska, a sake tsomawa, haka ba iyaka, har hannun marini ya rine. Daga nan mabuga su karɓa su yi ta dukansa har ya yi ƙyalli. Mai ɗinkin aska takwas kuwa, makonni yake yi yana sunkuye, idonsa na ƙarewa a kan allura.

To, attajiri yana da hujjarsa, kuma bai kamata a yi watsi da ita ba. Zai ce Allah Ya halatta ciniki, kuma Ya gina shi a kan yardar juna. Zai ce da kaya suka yi tsada a Madina aka roƙi Manzon Allah ya yanka farashi, bai yanka ba. Zai ce shi ya zuba jari, shi ya nemo kasuwa, shi zai yi hasara in kaya suka kwanta. Duk wannan gaskiya ne. Ribar fatauci halal ce, kuma ba don dillali da falke ba, da turkuɗi bai bar Kura ba.

Amma shari'a ba ta tsaya a kan furucin baki kaɗai ba, tana duban yadda aka samo yardar. Manzon Allah ya hana a tare masu kawo kaya a kan hanya a saye kafin su shiga kasuwa, kuma ya ba mai kayan zaɓi idan ya iso. Dalili shi ne, baƙauyen ya yarda, amma ya yarda ne cikin rashin sanin farashi. Me ya bambanta shi da marinin da aka ɓoye masa abin da zanensa zai yi a Landan ko Faris? Haka kuma wanda babu hatsi a gidansa, ya sallama don ya san in ya ƙi yara za su kwana da yunwa. Bakinsa ya ce ya yarda, zuciyarsa kuwa tana kai ƙara. Alƙali zai iya zartar da cinikin, amma akwai ranar da za a sake auna shi.

Suratul Muɗaffifina ta buɗe da narkon azaba ga masu cika mudu in za su karɓa, su tauye in za su bayar. Mutanen Madyana an hallaka su bayan Annabi Shu'aibu ya hana su tauye wa mutane kayansu. Wanda ya nemi aiki mai kyau ba algus, ya biya ladan da bai kai ba, ai mudu biyu gare shi. A cikin Bukhari an ambaci mutum uku da Allah da kanSa zai zama abokin husumarsu ranar ƙiyama, ɗayansu shi ne wanda ya ɗauki ma'aikaci, ya karɓi cikakken aiki, ya hana shi lada. Ibnu Majah ya ruwaito umurnin a biya ma'aikaci tun guminsa bai bushe ba. Ina makomar mai karɓar riguna bashi, sai bayan wata shida ya biya, a lokacin da kuɗin ba su sayen rabin zaren?

Akwai kuma wata tauyewar da ba ta kuɗi ba. A ɗauki zanen da iyaye da kakanni suka ƙaga, a manna masa sunan wani, ko a ɗauki hoton dattijo a bakin karofi a yi talla da shi, alhali kayan injin ne ya buga su. Wannan ƙarya ce ga mai saye, zalunci ne ga mai sana'a.

Tushen duk wannan shi ne raini. Muna ɗaukar mai baƙin hannu ƙasƙantacce, alhali Annabi Dawuda sulke yake ƙerawa yana ci daga aikin hannunsa, Annabi Zakariyya kuwa masassaƙi ne. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a littafinsa Usulus Siyasa da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya sanya kula da masu sana'a, irin su maƙera da maɗinka da marina, cikin wajiban shugaba.

Ku ma masu sana'a, akwai naku. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda ya zo a Risala, mai sana'a shi ke da lamunin kayan da aka bar masa. Kada a zuba garin rini na kanti a ce baba ne. Kada tela ya karɓi ɗinkin Salla wanda ya san ba zai gama ba. Mai neman a cika masa mudu, shi ma ya cika.

Saboda haka amsar ita ce, yarda sharaɗi ce, amma sai ta zama ta mai sani, wanda ke da ikon cewa a'a. Attajiri ya yanka lada kafin a fara aiki, ya biya a kan lokaci, ya ambaci sunan mai aiki da garinsa. Mu kuma masu saye, mu rage tayin wulaƙanci. Abin kunya ne mutum ya biya kuɗin shadda a kanti ba musu, ya zo ya kwana yana ja da tsohon da ya yi wata guda yana yi mata aiki.

Allah Ya ciyar da mu halal, Ya tufatar da mu halal, Ya raba mu da haƙƙin bayinSa, amin. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.