Sunan Ido da Sunan Fata

Cikin kalmomin da ke kwance a kamus ba mai tada su akwai millepore. Sunan wata halitta ce ta teku, mai gina wa kanta ƙashi irin na alli a ruwan ɗumi marar zurfi, kamar Bahar Maliya da tekun Indiya da na Karibiyan. Masanin nan ɗan Suwidin, Linne, shi ya raɗa mata Millepora a 1758, daga Latinanci: mille dubu, porus ƴar kafa. Mai kafa dubu ke nan. (A lura, kafa na ce, ba ƙafa ba, ƙadandoniya daban take.) Masu nutso kuwa ba ruwansu da Latinanci, corail de feu suke ce mata, murjanin wuta, don in fatar mutum ta goge ta sai ya ji kamar an ɗora masa garwashi, wurin ya yi ja ya kumbura.

To, abu ɗaya suna biyu. Ɗaya ido ya ba da shi, ɗaya fata. Wanne ya fi yi wa halittar adalci?

Da farko dai sunan fata akwai kuskure a cikinsa. Ba murjani ba ce. Murjanin da iyayenmu mata ke ratayawa ja ne, asalinsa Bahar Rum, fatake suka riƙa ƙetaro Sahara da shi, kuma dangin su daban. Amma wannan suna mai kuskure shi ke tserar da hannun yaro. Ka ce wa baƙo "ga millepore can", zai miƙa hannu ya taɓa. Ka ce "wuta", ya ja baya. Mu nan Gaya, da teku ke can Kotonu, sama da kilomita 700, mun san haka daga kogin Isa: ɗan Sarkawa kafin a koya masa komai game da minjirya, abin da ake fara faɗa masa shi ne kar ya kama ta da hannu. Ba wanda zai ce an zalunci kifin. Gargaɗi haƙƙi ne na wanda bai sani ba.

Sai dai sunan fata iyakarsa nan. Ya ce maka ka guje, ka guje, shi ke nan. Sunan ido shi ke sa tambaya: kafofin nan na mene ne? Da aka duba, sai aka tarar iri biyu ne. Manyan, cikin kowace akwai ƙaramin baki mai cin abinci. Ƙananan, da ke kewaye da su, daga ciki wasu siraran zaruruwa kamar gashi ke leƙowa, ɗauke da dafi, suna shanye ƴan ƙwarin ruwa, suna kuma korar abin da zai ci gidan. Ashe wutar daga kafofin take fita, kuma baki take yi wa aiki. Wanda ya bi sunan ido da haƙuri ya iso ga wutar har da dalilinta. Wanda ya tsaya ga sunan fata bai taɓa jin labarin bakin ba.

Abin da ya sa na tsaya kan wannan, haka muke yi wa mutane. Tun da aka rufe gadar Gaya da Malanbil a 2023, bayan takunkumin CEDEAO, samari da yawa abincinsu ya koma kwale-kwale da babur, wasu ta kogi, wasu ta hanyoyin daji wajen Kamba. Muna da suna garesu: ƴan fasa-ƙwauri. Sunan fata ne, kuma ba ƙarya ba ne. Kuɗin duwan na zurarewa, lalataccen magani na shigowa, tramol na cin ƙannenmu. Wanda ɗansa ya haukace da ƙwaya, kar wani ya zo masa da dogon bayani.

Ni a ganina, ma'aikacin duwan da ke bakin aikinsa yana da damar kiran wannan suna, kamar yadda mai nutso ke da damar cewa wuta. Maƙwabci ne ba ya da damar tsayawa nan, don shi ya san gidan. Ya san tsohuwar da ke jiran cefane, ya san yaron ya bar lise ne ba don ƙin karatu ba. In ya san duk wannan ya zaɓi suna ɗaya tak, to ba gargaɗi yake ba, hutar da kansa yake daga tunani.

Wani zai ce ai wannan neman uzuri ne. A'a. Sanin dalilin harbi bai taɓa rage zafinsa ba, kuma a nan misalin ya fara gurguncewa: halittar teku ba ta da zaɓi, mutum yana da shi. Shi ya sa ma dubawar ta fi zama dole a kan mutum. Cikin masu kwale-kwalen nan akwai wanda buhun shinkafa da jarkar manja kawai yake ɗauka, ya ƙi kwalin da bai san cikinsa ba ko nawa za a ba shi. Akwai wanda ba ya tambaya. Su biyun a gaɓa ɗaya suke ɗaure jirgi, kuma in sun wuce ta bakin kasuwa da yamma suna ɗaya muke kiran su da shi.