Ranar Da Rafin Ya Ƙafe

Karatu: 1 Sarakuna 17:1-16



Direbobinmu na Zangon Kwatano sun san hanyar arewa kamar tafin hannunsu: Paraku, Kandi, Malanville, fiye da kilomita 700 kafin a ga kogin Kwara. Daga Gaya sai Dosso, Dogon Dutsi, Birnin Ƙonni, Tawa, har Agadas. Yawancinsu a nan suke juyowa. Amma wanda ya ƙara gaba zai shiga duwatsun Abzin, inda gandun Abzin da Tenere yake, wanda aka keɓe a 1988, UNESCO kuma ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 1991. Faɗinsa ya haura hekta miliyan 7.

A can baƙaƙen duwatsu ne da rairayi, ga kwazazzabai masu zurfi da ambaliya ta sassaƙa shekara da shekaru. Baƙo zai leƙa ya ce babu rai a wurin. Sai ya gangara Timiya, ya tarar da lambuna: lemu, rumman, dabino. Ina ruwan ya fito? Yana ƙarƙashin rairayin kwarin. Damina ta wuce cikin 'yan makonni, amma kwazazzabon ya ɓoye abin da ya samu, mutane suna haƙa rijiya suna ja. Ba a kan tudu ake samunsa ba, sai a ƙasa, wurin da ruwa ya fi yi wa ƙasa rauni.

Irin wannan wuri Allah ya aika da annabi Iliya. Bayan ya faɗa wa sarki Ahab cewa za a yi fari, Ubangiji bai kai shi fada ko babban gari ba, ya ɓoye shi a rafin Kerit, gabas da Urdun. Safe da yamma hankaki suna kawo masa gurasa da nama, yana sha daga rafin. Muna son wannan sashen labarin, har muna koya wa yara a makarantar Lahadi. Aya ta 7 ce muke yawan tsallakewa: rafin ya ƙafe.

Ku lura da kyau. Iliya bai yi zunubi ba, bai bar wurin da aka ajiye shi ba. Rafin ya ƙafe ne domin ba a yi ruwa a ƙasar ba, abin da ya sami kowa shi ya same shi. Kuma rafi ba ya ƙafewa dare ɗaya. Kowace safiya bawan Allah yana ganin ruwan yana raguwa, ba a kuwa ce masa kome ba tukuna.

Akwai masu karanta wannan takarda da suka san wannan kallo. Bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023 aka rufe gadar Malanville da Gaya. Manyan motoci suka yi layi, kaya suka lalace, fasinjoji suka koma ƙetare kogi da kwalekwale, kayan Nijar da yawa kuma suka karkata ta Lome. Direba, yaron mota, ɗan dako, mai tuwo a bakin tasha, kowa ya ga rafinsa yana raguwa. Wasu suka fara cewa, “Ko na yi wa Allah laifi ne?” Wasu masu wa'azi ma sun ƙara musu nauyi, suna cewa rashin bangaskiya ne ko rashin ba da zakka. A ganina wannan ba daidai ba ne. Wa ya fi Iliya biyayya a zamaninsa?

Sai da ruwan ya ƙare sarai maganar Ubangiji ta zo, ta aika da shi Zarefat a ƙasar Sidon, ƙasar su Yezebel, wurin wata gwauruwa wadda ba Ba'isra'iliya ba ce, wadda ɗan garin da ya rage mata na tuwon ƙarshe ne. Yesu da kansa ya tuna da ita a majami'ar Nazarat, Luka 4, mutanen garinsu kuwa suka husata. Mu da muke zaune a Zango tsakanin maƙwabta waɗanda ba sa zuwa sujada tare da mu, ya kamata wannan ya taɓa mu. Idan Alhajin da ke gefen shagonka ya ba ka kaya bashi har kasuwa ta buɗe, kada girman kai ya hana ka karɓa, kada kuma ka manta da shi ranar da tukunyarka ta cika. Ko kuwa kai ne gwauruwar yau, wani yana tsaye a ƙofarka, abin da ke hannunka kaɗan ne?

Addu'a: Ya Uba, ka dubi direbobi da yaran mota da iyalansu, da mazauna arewacin Benin da Nijar waɗanda 'yan bindiga suka hana barci. Wanda abincinsa ya ƙare yau, ka nuna masa ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Cikin sunan Yesu Almasihu, Amin.