Ko Mutum Yana da Ikon Ɓarnatar da Abin da Ya Saya?

Sau da yawa mukan ji wani ya ce, "Da kuɗina na saya, in na ga dama in zubar." Maganar tana da kamar gaskiya, gama ba sata ya yi ba. Amma bari mu bincika mu gani ko abin da muka zubar yana tsayawa a bakin ƙofarmu.

Mu ɗauki leda. Mun kawo ta daga kasuwa, mun yi aiki da ita na ɗan lokaci, mun jefar. Iska ta kai ta cikin kwata. Da ruwan sama ya zo ya tarar hanyarsa a toshe, sai ya shiga ɗakin maƙwabci. Akuyar wani ta haɗiye ta, ta yi ta ramewa har ta mutu. In kuwa mun ƙone ta, yaran unguwa ne za su shaƙi hayaƙin. Saboda irin wannan ɓarna Ruwanda ta hana ledar sayayya a shekara ta 2008, Kenya kuma ta bi bayanta a 2017.

Haka yake ga abinci. A shekara ta 2011 hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa wajen kashi ɗaya cikin uku na abincin da ake nomawa a duniya lalacewa yake yi ko a zubar. Sa'ad da tuwo ya ruɓe a juji yakan fid da wata iska mai riƙe zafin rana, kamar yadda hayaƙin mai da na gawayi suke yi. Wannan iska ce take ƙara wa duniya zafi, damuna kuwa ta rikice. A 2022 ambaliya ta kashe mutum fiye da 600 a Nijeriya, ta raba fiye da miliyan ɗaya da gidajensu, har ruwa ya yanke hanya a Lokoja.

Watakila wani zai ce, "Ai ba mu muka jawo wannan ba." Lalle akwai gaskiya a nan. Afirka duka ba ta kai kashi 5 cikin 100 na hayaƙin da duniya take fitarwa daga mai da kwal ba. Babban nauyi yana bisa manyan ƙasashe masu masana'antu, daidai ne kuwa a faɗa musu haka. Amma laifin babba ba ya wanke na ƙarami. Ledar da ta toshe kwatarmu ba daga Amurka aka jefo ta ba. Wanda ya ce ba zai share ƙofarsa ba sai sarki ya share fada, shi zai kwana cikin shara.

Kakanninmu sun san wannan tun ba su ji labarin sauyin yanayi ba. Mu koma ga halinsu. Uwargida ta auna gari gwargwadon bakunan gida, sauran tuwo kuwa ya zama ɗumame da safe. Ɓawon doya da dusa a ba dabbobi. Toka da kashin awaki a kai gona su zama taki. Mu tafi kasuwa da kwando ko jaka. A jiƙa wake kafin a ɗora, a rufe tukunya da murfi, a hura busasshen itace, gama haka ake rage itacen da ake sarewa. Wanda ya sare itace ɗaya, ya dasa wani. Ba aikin mata kaɗai ba ne, maigida ma ya kashe fitilar da ba mai amfani da ita, ya gyara famfon da yake zuba.

Mu tuna, ko a ranar da aka ciyar da mutum dubu biyar, an tattara gutsattsarin da ya ragu har kwando goma sha biyu. Yalwa ba ta ba mu izinin ɓarna ba. Abin da ke hannunmu amana ne, maƙwabcinmu da jikokinmu kuwa suna da rabo a ciki.

Tambayoyi

1. Wane abu ne aka fi zubarwa a gidanmu, ina yake tafiya kuma?
2. Mene ne bambancin tattali da rowa?
3. Wane hali ɗaya za mu sāke a wannan mako?